Damuwa A Babbar Makaranta: Yadda Ɗalibi Zai Kula Da Kansa

Ranar da yaro zai tafi babbar makaranta rana ce ta murna a ƙauye. Uba ya sayar da buhun hatsi ko akuya don kuɗin rajista. Uwa ta ƙulla garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji. Maƙwabta su yi rakiya har bakin mota, kowa yana sa albarka. Wani ya nufi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Wani ya nufi Jami'ar Bayero ta Kano. Wata kuma ta tafi kwalejin horon malamai ko makarantar koyon aikin jinya.

Daga ranar sai a zura ido, ana jiran ya dawo da takardar shaida. In ya zo hutu, jikinsa ake dubawa. Ya rame, ko ya yi ƙiba? Ba kasafai ake tambayar abin da ke cikin zuciyarsa ba. Alhali kuwa akwai ɗalibai masu ƙwazo da suka bar karatu a tsakiya. Damuwa ce ta yi musu yawa, kuma ba su sami wanda za su gaya wa ba. Kuɗin da aka kashe ya tafi, yaron kuma ya dawo gida ba lafiya.

Hankali yana gajiya, yana kuma yin ciwo, kamar yadda jiki yake yi. In an kula da shi da wuri, yana warkewa.

Ba ƙaramar matsala ba ce

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum 1 cikin kowane mutum 8 a duniya yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan ya kai kimanin mutum miliyan 970. Waɗanda suka fi yawa a cikinsu su ne masu ciwon fargaba da masu ciwon damuwa. Mafi yawansu ba su yi kama da masu taɓin hankalin da ake gani a titi ba. Suna zuwa gona, suna zuwa kasuwa, suna zuwa aji, amma suna shan wahala a ɓoye.

Binciken likitoci ya nuna cewa irin waɗannan cututtuka da ƙuruciya suke somawa. Kashi 3 cikin 4 sun riga sun bayyana kafin mutum ya kai shekara 25. To, waɗannan su ne shekarun da matasa suke manyan makarantu. Shi ya sa lokacin karatu yake bukatar lura.

Mece ce damuwa?

A ɗauki misalin manomi da ya ga maciji a cikin kunya. Nan take gabansa zai faɗi. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, gumi ya keto. Abin da ya faru shi ne, akwai wasu 'yan tsoka biyu a saman ƙoda. Su ne suke zuba wani sinadari cikin jini, wanda likitoci ke kira adiranalin. Shi ke ba mutum ƙarfin gudu ko ƙarfin ɗaga fartanya. Da maciji ya wuce, sai jiki ya koma daidai.

Ke nan damuwa kaɗan tana da amfani. Ita ce take sa ɗalibi ya tashi ya buɗe littafi in jarrabawa ta matso. Amma macijin ɗalibi ba ya saurin wucewa. Yau bashi, gobe jarrabawa, jibi labarin rashin lafiya daga gida. Sai jiki ya zauna cikin shirin gudu mako da makonni. Daga nan barci ya ƙaurace, ciki ya rikice, kai ya dinga ciwo. Abin da aka karanta ma ya ƙi zama.

Me ke jawo wa ɗalibi damuwa?

Na farko, rashin kuɗi. Ga kuɗin makaranta, ga na ɗakin kwana, ga na takardun darasi, ga na abinci. Bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci sun tashi ƙwarai. Ɗan talaka ya fi kowa ji a jikinsa.

Na biyu, baƙunta. Yaron da ya tashi inda kowa ya san sunan kakansa, yau ga shi cikin dubban mutane, ba wanda ya san shi. A aji da Turanci ake magana. Yana jin kunyar yin tambaya don kada a yi masa dariya.

Na uku, tsoron faɗuwa. In ɗalibi ya faɗi wani darasi, sai ya maimaita shi. In faɗuwar ta yi yawa, ana iya sallamarsa.

Na huɗu, tsawaitar karatu. A shekarar 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na wata 8, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibai suka zauna a gida ba su san ranar komawa ba. Da aka koma kuma sai karatu ya taru musu.

Na biyar, nauyin gida. Sau da yawa shi ne na farko a zuriyarsu da ya kai wannan matsayi. Kowa ya ɗora buri a kansa. Ɗaliba mace kuma tana da nata ƙarin. Wata ga aure, ga goyo, ga girki, ga karatu. Wata kuma wani ne ya matsa mata da neman lalata, tana tsoron faɗa.

Alamomin da za a lura da su

Damuwa tana da alamu. Ga waɗansu daga ciki:

Rashin barci, ko barcin da ya wuce kima.
Rashin cin abinci da ramewa.
Yawan ciwon kai, ciwon ciki ko faɗuwar gaba.
Saurin fushi ko kuka ba dalili.
Guje wa mutane da zama shi kaɗai a ɗaki.
Daina zuwa aji, da daina kula da wanka da wanki.
Daina jin daɗin abin da a da yake so, kamar ƙwallo ko hira.
Yawan cewa shi ba shi da amfani, ko ya gaji da duniya.

Kowa yana iya ganin ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan a lokacin jarrabawa, sa'an nan su wuce. Amma in baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka kai mako 2 ba sauƙi, to abin ya wuce gajiya. Yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana bukatar ma'aikacin lafiya.

Abin da ɗalibi zai yi wa kansa

Rigakafi ya fi magani. Yawancin abubuwan da ke tsare lafiyar hankali ba su bukatar kuɗi mai yawa.

1. Barci. Baligi yana bukatar barcin awa 7 zuwa 9 a kowane dare. Wasu ɗalibai suna kwana a aji suna karatu har asuba, suna ganin wannan shi ne ƙwazo. Amma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Karatu kamar girbi ne, barci kuma shi ne zuba hatsin a rumbu. Wanda ya yi girbi ya bar dami a fili, ya yi wa tsuntsaye aiki. Ɗalibi ya tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Ya rage goro da kofi da shayi mai ƙarfi daga la'asar. Akwai sinadarin da ke hana barci a cikinsu, kuma rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa 5.

2. Abinci da ruwa. Ƙwaƙwalwa ba ta aiki da yunwa. Garin kwaki safe da dare ba zai riƙe mai karatu ba. A haɗa da wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, zogale ko nono, gwargwadon hali. Ɗalibai 3 ko 4 suna iya haɗa tukunya ɗaya, abin ya zo musu da sauƙi. A sha ruwa sosai, musamman da bazara.

3. Motsa jiki. Yaron ƙauye ya saba da noma da ɗiban ruwa da tafiyar ƙasa. Da ya je makaranta sai ya koma zama a benci wuni guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Tafiya da sauri ta isa. Ƙwallo ko hawan keke ma haka. Motsa jiki yana rage ƙunci, yana kuma kawo barci mai daɗi.

4. Tsara karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake karanta kaɗan kullum ya fi riƙe karatu a kan wanda ya tara shi sai daren jarrabawa. Ɗalibi ya rubuta darussansa a takarda, ya raba su a kan kwanakin mako. In ya yi kamar minti 40 yana karatu, ya tashi ya miƙe ƙafa na minti 5 ko 10. Ko shanun huɗa ana kwance su a ba su ruwa. Abin da bai gane ba, ya tambayi malami ko abokin karatu tun da wuri.

5. Abokin shawara. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ɗalibi ya sami mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana, waɗanda zai iya gaya wa abin da ke damunsa. A manyan makarantu akwai ƙungiyoyin ɗalibai 'yan jiha ɗaya ko 'yan ƙaramar hukuma ɗaya. Shiga cikinsu yana rage kewar gida. Tsofaffin ɗalibai kuma sun san hanyoyin da sabo bai sani ba.

6. Wayar hannu. Waya tana da amfani wajen karatu da gaisawa da gida. Amma tana cinye dare. Ɗalibi zai ce bari ya leƙa Facebook ko TikTok na minti 5, sai ya ga ƙarfe 2 ta yi. Yana ganin hotunan masu sababbin kaya, sai ya raina kansa. Ya manta ba mai ɗaukar hoton ranar da ya kwana da yunwa. Ya kamata a ajiye waya kafin a kwanta. A kuma nisanci cacar ƙwallo ta intanet. Ta cinye kuɗin makarantar matasa da dama, ta bar su da bashi.

7. Natsuwa. In gaba ya shiga faɗuwa, ko a ɗakin jarrabawa ne, akwai dabara mai sauƙi. Mutum ya ja numfashi ta hanci a hankali yana ƙirga 1 zuwa 4. Sa'an nan ya sake shi sannu yana ƙirga 1 zuwa 6. Ya maimaita kamar sau 10. Numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Ibada a kan lokaci da zama shiru na ɗan lokaci su ma suna kwantar wa mutane da yawa hankali.

8. Lissafin kuɗi. Ranar da kuɗi ya zo daga gida, a raba shi mako mako, a fara ware na abinci. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance mai suna NELFUND, don 'yan manyan makarantun gwamnati. Rancen ba shi da kuɗin ruwa. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar. An tsara fara biyan bashin shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Akwai kuma hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi. Ɗalibi ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai ya nemi bayani, kada kunya ta hana shi.

Ƙwaya ba ta maganin damuwa

Wani aboki zai ce, sha wannan ka kwana kana karatu. Wani ya ce, sha wannan ka manta da damuwa. Daga nan ake somawa. Binciken da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018, tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. A watan Mayu na wannan shekarar gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda matasa maza da mata suka dulmuya cikin shansa.

Tiramol da kodin da wiwi suna rufe damuwa na 'yan awoyi. In sun sake mutum, damuwar tana nan, ga kuma sabuwar matsala. Jiki yana sabawa, har ya zama mutum ba ya iya komai sai ya sha. Tiramol mai yawa yana sa mutum ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi. Wanda ya riga ya faɗa ciki, magani yake bukata a asibiti. Duka da kora ba su raba kowa da ƙwaya.

Aikin iyaye

Iyaye ba su bukatar sanin Turanci kafin su taimaki ɗansu. Ga abin da za su iya yi.

Su riƙa kiransa a waya ko da sau ɗaya a mako. Bayan gaisuwa, kada tambayar ta tsaya a kan sakamakon jarrabawa. Uwa tana iya cewa: Kana samun barci kuwa? Me ka ci yau? Su wa kake zama da su? Sa'an nan ta yi shiru ta saurara.

Su gaya masa gaskiyar abin da za su iya aikowa da lokacin da zai zo. Kaɗan da aka san ranar zuwansa ya fi alkawari mai yawa da ba a cika ba.

Su rage ɗora masa matsalolin gida a lokacin jarrabawa, in ba dole ba.

In ya faɗi wani darasi, kada a tara masa jama'a, kada a yi masa gori da akuyar da aka sayar. Wanda ya faɗi darasi yana iya maimaitawa ya ci. Yaron da ya san in ya faɗi ƙofar gida a buɗe take, shi ne zai faɗi gaskiya tun abin bai ɓaci ba.

In 'ya mace ta kawo ƙarar wani yana matsa mata, a saurare ta, a tsaya mata. Kada a fara da zarginta, kada kuma a ce maganin abin shi ne ta bar karatu. A kai maganar ga hukumar makaranta. Miji mai mata ɗaliba kuma ya sassauta mata aikin gida a lokacin jarrabawa.

Yaushe za a nemi likita?

A nemi ma'aikacin lafiya in alamomin da aka ambata sun kai mako 2. A fara da asibitin makaranta ko na kusa da gida. Wani lokaci zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini ne ke kawo kasala, gwaji zai nuna. Makarantu da yawa suna da ofishin ba ɗalibai shawara, inda ake sauraron mutum cikin sirri.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya. In ɗalibi yana jin muryoyin da ba wanda ke ji. In yana maganganun da ba su da kai. In ya yi kwanaki ba barci ko kaɗan. Mafi girma, in ya ce zai kashe kansa ko ya fi son mutuwa. Kada a ɗauki wannan magana wasa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari na gona da sauran abubuwa masu haɗari. A tambaye shi a fili cikin taushin murya, don tambaya ba ta sa mutum ya aikata. A kai shi asibiti a ranar.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na jami'o'i su ma suna da wannan sashe. Ana yin magani da shawarwari, ko da ƙwayoyin likita, ko duka biyu. Mutane da yawa sun warke sun koma bakin karatunsu. Neman addu'a bai hana zuwa asibiti ba, ana haɗa su. Abin da ba shi da kyau shi ne ɗaure majinyaci da mari ko dukansa. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya. Ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma hana cin zarafin masu wannan ciwo.

Dangi suna cikin magani

Wani likitan Nijeriya, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ya nuna wa duniya amfanin dangi a wannan fanni. A shekarar 1954 ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle majinyata, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti. Kowane majinyaci yana tare da wani ɗan'uwansa. Da rana a je a karɓi magani, da yamma a dawo cikin jama'a. Tsarin ya yi suna ƙwarai, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da Lambo ya dogara da shi, mutanen karkara suna da shi tun asali, wato zumunci da zama tare. Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya. Amma ba sai an jira ta ba. Duk gidan da yake da ɗa ko 'ya a babbar makaranta, a kira su cikin wannan mako, a tambayi barcinsu da cinsu da abin da ke ransu. Ɗalibi kuma ya riƙe barcinsa da abincinsa da abokin shawararsa, ya nemi taimako tun da wuri. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba ɗalibai sa'a, ya dawo da su gida lafiya.